Hutun Mai Aski da Matarsa

Na fara sanin Mai Aski a shekarar da aka jawo wutar lantarki layinmu. Ya kama shagon da ke kallon ƙofar gidana, inda yanzu samari ke sayar da wayoyi. Ya kafa madubi, ya ajiye kujera mai juyawa da bencin masu jira. Ni a lokacin akawu ne a gidan waya. A makarantar mishan an koya mana cewa mutumin kirki yana isa wurin aiki kafin a kaɗa ƙararrawa, kuma ba ya faɗin abin da ba a tambaye shi ba. Mai Aski, Allah ya jiƙansa, bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Yakan buɗe shago sa'ad da ya ga dama. Da zarar ya ɗaura maka ƙyalle a wuya, bakinsa da almakashinsa sai su kama aiki tare, in ya yi shiru hannunsa ma tsayawa yake yi.

Abin da ban taɓa ganewa ba shi ne dariyar gidansa. Ɗakuna biyu ne a bayan shagon, rufin yana yoyo, amma kullum da yamma sai mu jiyo shi da matarsa suna ƙyalƙyala kamar yara. Gidana kuwa tsaf yake, agogon bango bai taɓa yin latti ba, kuma shi aka fi ji.

A shekarar da Auta, ƙaramar 'yarsu, ta shiga sakandare, makaranta ta shirya kai yara gandun namun daji na 'yan kwanaki. Ina kan kujera, fuskata duk kumfa, ya sunkuyo kunnena.

"Malam Akawu, kai kaɗai zan faɗa wa. Motar yara na ɗagawa, ni da uwar Auta sai jirgin ƙasa. Bakin teku za mu. Kada yarinyar ta ji, ta daɗe tana roƙona in kai ta."

Na ce masa magidanci ba ya rufe sana'arsa don ya je kallon ruwa. Ya ce ruwan ma ai ba zuwa zai yi ya kalle shi ba. Da na fito, tela ya tare ni da labarin, mai burodi ma haka. Kowannensu an gaya masa shi kaɗai.

A gida na tarar mai ɗakina ta riga ta ji. Ta dire mini shayi ba ta ko dube ni ba.

"Matar mai aski za ta ga teku," in ji ta. "Ni kuwa matar akawu, iyakar ruwan da na sani shi ne na wanki. Kai da kake aika wasiƙun mutane ko'ina a duniya, ba ka taɓa kai ni ko tasha ba."

Na yi mata bayanin tsarin hutu a aikin gwamnati, dalla-dalla. Ta kwashe kofin tun ban gama sha ba. Daga ranar magana ta yi wuya a gidana, gaisuwa ce kawai da "ga abinci."

Yara suka tafi da safe. Kafin rana ta yi tsaka Mai Aski ya fito da sabuwar riga, matarsa na biye da jaka, suka miƙa mana mabuɗi. Mai ɗakina ta yi musu addu'ar sauka lafiya da murya mai daɗi, sannan ta shiga ta wanke tukwanen da ta riga ta wanke.

Abin da Mai Aski ya manta shi ne, direban motar makaranta ya zauna a kujerarsa jajibirin tafiya, kuma shi ma an gaya masa shi kaɗai. Suna cikin tafiya ya waiwayo da raha ya ce, "'Yar Mai Aski, ke an tura ki kallon birai, su Baba sun tafi shan iskar teku!" Yara suka fashe da dariya. Auta ta ƙi cin abinci, ta ƙi sauka ta ga ko giwa, sai kuka. Da malamarsu ta rasa yadda za ta yi, washegari ta haɗa ta da direban da zai dawo ɗaukar kaya. Ya sauke ta a gaban ƙofar gidansu mai kwaɗo.

Mai ɗakina ce ta tsallaka ta kamo hannunta.

"Zo nan, 'yata. Ni ma an bar ni."

"Goggo, kore ni suka yi don su ji daɗi. Ba zan ƙara yi musu magana ba."

Na zaci za su haɗu su yi ta zagin matafiyan, don na san abin da ke cin mai ɗakina. Sai na ji tana tsefe wa yarinyar kai tana cewa, "Ke, tun da uwarki ta haife ku ba ta taɓa cin abinci da zafinsa ba. Ta tafi ta zauna a inda ba wanda zai ce mata Mama ina takalmina. Ke tekun yana nan yana jiranki, ƙafarki sabuwa ce." Haka ta yi ta lallashinta, yau da gobe, har ranar da suka dawo Auta ce ta ruga ta karɓi jakar uwarta.

Mai Aski da matarsa suka shigo godiya, suka nuna mana hoto: Mai Aski ya naɗe ƙafar wando, yana riƙe da hannun matarsa, ruwa ya kai musu gwiwa. Ni dai na lura hoton a karkace aka ɗauke shi. Mai ɗakina ta daɗe tana kallo, ta goge shi da gefen mayafinta, ta mayar. Mai Aski ya dube ta, ya dube ni, sannan ya sa hoton a aljihu.

Da shekara ta zagayo aka sake shirya tafiyar yara. Ina kan kujera ya zura mini wani abu a aljihun riga.

"Tikitin jirgi ne, na mutum biyu. Bayana ya riƙe, ba zan iya zaman jirgi ba."

"Ni ba na karɓar..."

"Kada ka motsa, Malam, aska ce a maƙogwaronka."

Kafin in je gidan waya in taso, layi duk ya ɗauka: Akawu zai kai matarsa bakin teku, ya daɗe yana shiri a ɓoye, irin nasu na masu ilimi. Tela har da miƙo mini hannu. Na tarar da mai ɗakina a bakin ƙofa ta sauko da akwatin ƙarfenta daga kan kabad.

"Ashe kana da wayo haka, Malam?"

A tasha ɗan dako bai samu ba. Mai Aski, wanda ya rako mu yana dafe da ƙugu, ya saɓa akwatin a kafaɗa ya haye matakala da shi har cikin tarago. Mai ɗakina ta bi shi da kallo, ta dube ni, ta sake dubansa.

"Mai Aski, bayan naka ya warke ke nan?"

"Yaya, ciwon yana zuwa yana tafiya," in ji shi. "Zauna ta taga, daga wannan gefen ake fara hango ruwan."