Allurar Inna Tana Hanya

Ni ne ɗan fari a ɗakin Inna, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa zama ta dube ni ido cikin ido ta ce ga abin da ke damunta ba. Ina yaro, in za ta ba ni tuwo sai ta ajiye kwanon a bakin ƙofa ta ce a zo a ɗauka, kamar da bango take magana. Da na girma na sami aikin koyarwa a Bukkuyum, ita kuma tana Adabka a gidan da mahaifinmu ya bari, sai na koma "mutumin Bukkuyum" a bakinta. Ban taɓa jin haushin wannan ba, wallahi. Na san tana sona, don duk ranar da na zo gida kazar da ta fi ƙiba ake yankawa.

Bakin Inna a wurina ƙanwata ce, autarmu. Ita Inna ke gaya wa komai, daga ciwon baya har ƙarewar gishiri, ita kuma ta kwaso ta juye mani ba tare da ta rage ko ɗaya ba. Lokacin da likita ya ce ciwon sugan Inna ya fi ƙarfin ƙwaya, sai dai allurar insulin safe da yamma, ƙanwata ce ta koyi yadda ake ja da yadda ake tsirawa, ta kuma koya wa Inna har hannunta ya faɗa. In kwalba ta yi ƙasa sai ta kira ni ta ce, Yaya, a fara shiri. Haka muka yi shekaru ba mu taɓa samun tangarɗa ba. Sai aka yi mata aure ta tare a Anka, Inna ta ci gaba da yi wa kanta allura ita kaɗai.

A Bukkuyum wuri ɗaya na sani da ake ajiye wannan allura, kemis ɗin wani dattijo aminin mahaifinmu. Tare suka yi makarantar allo, shi ya yi wa mahaifinmu wanka da ya rasu, kuma Baba nake kiransa. Allurar ba ta son zafi, shi kuwa yana da ɗan firji mai aiki da sola a can ƙuryar shago, bayan labule. Ban taɓa buƙatar nuna masa takardar likita ba. Da ya hango ni zai ɗaga labule ya fito da kwalbar tana raɓa, ya tambayi jikin Inna, ya ce in gaishe ta.

A daminar da zan ba da labarinta, na je a lokacin da na saba zuwa. Baba ya shimfiɗa mani tabarma, ya sa aka dama fura, muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Sannan ya ce allurar ta ƙare jiya-jiyan nan, amma mota tana hanya daga Sakkwato, in leƙo bayan kasuwa. Na leƙo bayan kasuwa, ya ce ruwa ya ɓata hanya, direban ya tsaya a Gummi. Na sake komawa, ya ce yanzu ma suka gama waya, gobe in Allah ya yarda. Kullum da fara'a, kullum da fura. Ni mutum ne mai saurin zuciya, ɗalibaina ma sun san ni da haka, amma a gaban wannan dattijo ba ni da baki. Ina zan dubi aminin ubana in ce masa, anya kuwa?

Ranar Jumma'a na hau babur na tafi Adabka. Na sami Inna a inuwar rumbu tana gyaran rama, ta juya mani gefe kamar yadda ta saba. Ta rame, amma damina ce, kowa ya rame. Abin da ya ja hankalina shi ne ruwa. Kafin mu gama gaisawa ta shanye moɗa guda ta sake cikawa, leɓenta kuma a bushe. Na sunkuyar da kai na tambaye ta, ina kallon ƙasa.

"Inna, allurar nan da saura?"

"Akwai."

"Jikin fa?"

"Da sauƙi."

Ta ce zafin gari ne ke sa ta ƙishirwa, ta kuma kira wata maƙwabciya ta kama mani kaza. Kwalbar tana ɗakinta, ni kuwa rabona da shiga ƙuryar ɗakin Inna tun ban yi wayo ba. Namiji ɗan fari ba ya shiga ɗakin uwarsa ya hau buɗe-buɗen kwanuka. Na ci kazata, na yi sallama, na koma Bukkuyum hankalina a kwance, tunda ta ce akwai, Baba kuma ya ce mota tana hanya.

Bayan wasu kwanaki ina cikin aji wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce, tana kuka har ba na gane abin da take faɗa. Ashe ta samu ta kira wayar maƙwabciyar nan aka kai wa Inna, Inna kuwa da jin muryarta ta zazzage mata komai. Kwalbar ta yi ƙasa tun kafin zuwana na farko kemis. Da ta ga haka sai ta koma yin rabin abin da likita ya ce, daga nan ta koma sau ɗaya a yini, daga nan sai ranar da ta ji jiri. Ranar da na tambaye ta, ɗan abin da ya rage a gindin kwalbar ko sirinji ba ya iya ja. Ƙanwata ta ce mata, to me ya hana ki gaya wa Yaya da ya zo? Inna ta ce haba, ita da girmanta ta buɗi baki ta roƙi ɗan fari? Ai ya san lokaci, in da akwai da ya kawo, tunda bai kawo ba kar a ɗora masa nauyi.

Ban ma sallami yara ba. Na isa kemis ɗin Baba ina huci, na same shi yana auna wa wata mata maganin tari. Ya fara cewa a kawo tabarma, ni kuwa na wuce shi na ɗaga labulen nan da ban taɓa ɗagawa ba. Firjin yana nan. Igiyar wutarsa a naɗe take a kansa, ta yi ƙura. Na buɗe, ɗumi ya bugi fuskata, a ciki an jera ƙunshin auduga da bandeji. Na daɗe a tsaye ina kallon audugar nan kafin in iya juyowa.

Na ce, "Baba, don girman Allah, ka ce mani babu."

Bai ce ba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya zauna a kan benci. A hankali ya gaya mani batirin solar ya mutu tun farkon ruwa, mai kawo masa kaya daga Sakkwato kuma ya ce ba zai ƙara ba shi allurar da ba shi da inda zai ajiye ba. Kullum yana sa ran za a gyara. Ya ce mahaifinmu yana kwance cikin ciwon ajali ya riƙe hannunsa ya bar masa amanar Inna, to da wane baki zai gaya wa ɗan amininsa cewa ya kasa? Ya kuma ce shi ma ya ɗauka tana da saura, don da babu da na zo masa a gigice. Hawaye na bin gemunsa. Na so in yi masa ihu, na so in kifar da kantar maganin nan gaba ɗaya, amma dattijo ne yana kuka a gabana. Na fita na hau babur.

Gummi na fara nufa. Na bi shagunan magani ɗaya bayan ɗaya har ƙafata ta gaji. Wani ya ce ba ya ajiyewa, ba wuta. Wani ya turo mani ƙwayoyi ya ce duk aikinsu ɗaya, na ce masa da aikinsu ɗaya da likita bai wahalar da tsohuwa da allura ba. Wani ya lalubo kwalba daga saman kanta, wurin da kwanon rufi ke gasa ta tun safe, ruwan ciki ya yi gudaji-gudaji. Na mayar masa. Amma ka san wani abu? Duk wanda ya ce mani babu a ranar nan sai na ji kamar in rungume shi, don ya sallame ni da wuri.

Ina Gummi ƙanwata ta sake kira ta ce mijinta ya samo a wani kemis a Anka, irin wadda likita ya rubuta, an ajiye mana. Na juya babur. Wanda ya san hanyar nan da damina ya san abin da na sha, ramuka cike da ruwa, laka har gwiwa a wasu wuraren. Na shiga Anka rana ta yi sanyi. Mai kemis ɗin saurayi ne mai magana kai tsaye. Ya naɗe kwalbar a tsumma mai kauri, ya jiƙa shi sharkaf, ya sa a cikin ɗan kwando. Ya ce kar in bari tsumman ya bushe ko sau ɗaya, duk inda na ga ruwa in tsaya in jiƙa, kuma kar in sa a aljihu. Na ce zan wuce Adabka a lokacin. Mijin ƙanwata ya riƙe kan babur ɗin ya ce ba mai bin hanyar nan bayan la'asar a wannan zamani, in na faɗa hannun mutanen daji ba ni ba allura. Muka yi ta neman wayar maƙwabciyar Inna, ba ta shiga. Dole na kwana.

Da gari ya waye na ɗaure kwandon a gabana na kama hanya. Ƙanwata tana da tsohon ciki, ba ta iya bin babur, ta tsaya a ƙofar gida tana cewa in gaya wa Inna tana nan tafe da an samu mota. Na yi yadda saurayin nan ya ce. Duk rafin da na tsallaka sai na sauka na jiƙa tsumma. A wani ƙauye na roƙi wata mata ruwan randa, ta ce in sha mana, na ce ba ni ke jin ƙishirwa ba. Raina fari ƙal a hanyar nan, har ina shirya abin da zan faɗa. Na ce yau kam kunya ta ƙare, zan shiga har ƙuryar ɗaki in tsira mata allurar da hannuna, in ta ga dama ta yi fushi.

Hantsi ya ɗaga sosai na shiga Adabka. Tun daga bakin masallaci na ga mutane suna kauce wa idona. Da na karya kwanar gidanmu na ga tabarmi a ƙofar gida, maza a zaune jere, wasu da jar ƙasa a ƙafafunsu, ga fartanya da magirbi an jingine a bango ba a ko wanke su ba.

Ƙanin mahaifina ne ya taso ya riƙe babur ɗin har na sauka. Ya ce tun jiya da rana barci ya ɗauke ta, aka yi ta tashinta ba ta tashi ba, bayan asuba Allah ya karɓi abarsa. Sun nemi wayata ba ta shiga, sun jira har rana ta fara zafi suka kai ta makwancinta, ba a barin mamaci yana jira. Ya ce in yi haƙuri. Kowa ya ce in yi haƙuri.

Aka matsa mani wuri a tsakiyar tabarma, wurin babban ɗa. Na zauna da kwandon a cinyata, don ban san inda zan ajiye shi ba. Mutane suna zuwa suna durƙusawa, ana salati, ana shafa fatiha, ina amsawa da amin. Ban yi kuka ba a lokacin, kukan sai daga baya ya zo, kuma har yau bai gama zuwa ba. Uwata ce ta mutu, ban ga fuskarta ba, kuma abin da zai tashe ta yana kan cinyata da sanyinsa.

Wani ya ga leɓena ya bushe, ya miƙo mani kwanon ruwa. Na karɓa, na taɓa tsumman na ji ya fara bushewa ta gefe, sai na tsiyaya masa ruwan a hankali har ya jiƙe. Dattawan da ke kusa da ni suka gani, suka sunkuyar da kai. Da kwanon ya ƙare aka sake ciko shi aka ajiye a gabana. Haka na yi ta jiƙa tsumman nan har aka kira la'asar, babu wanda ya ce mani in daina.