Hannun Alhajin Dumega

Jiya a kasuwar Dogon Dutsi aka miƙo mini sabuwar kalanda. Warin tawadarta ya tuna mini da Kawu, wanda muka yi aiki tare a gidan buga takardunsa.

Tsarinsa ba ya sauyawa. Da fari a ɗaura farantin rubutu. Sannan ruwa ya jiƙa inda babu rubutu, tawada ta kama inda akwai. Faranti ya ba naɗin roba, roba ta ba takarda. Kuma mai babbar riga ba ya matsowa kusa da inji.

Wata rana wani Alhaji daga Dumega ya zo duba takardun tallan shagonsa. Inji na gudu, ya miƙa hannu zai zaro ɗaya. Naɗin ya cafke hannun rigarsa, ya fizgo shi. Kafin in kashe inji, Kawu ya ɗauki wuƙa ya tsarge shaddar daga kafaɗa, ya hankaɗa shi da ƙafa. Alhaji ya bugi bango, haƙori ya fita, jini ya jiƙa masa gemu.

"Kashe ni za ka yi, tsoho? Shaddata sabuwa!"

"Ƙirga yatsunka, Alhaji, sannan mu yi zancen shadda."

Alhaji bai ƙara gaishe shi ba. Amma ranar jana'izar Kawu da wannan hannun ya kama makara, ya ƙi saki har kushewa.

Allah Ya fizge Kawu daga wuta da irin wannan hanzari, Ya sanyaya makwancinsa.