Lokacin da Aka Ce Mahaifina Yana Binne Ƙwai a Kano

Shekarun baya, zamanin da motocin gyaɗa ke tashi daga Gwarzo cike fal su dawo wayam, na nemi auren wata yarinya a Kabo, kuma saura ƙiris sana'ar mahaifina ta hana ni ita. Jiya wani jikana ya nuna min masu buga golf a wayarsa, shi ne abin ya dawo min, na ce bari in ba ku labari.

A lokacin ni tela ne a kasuwar Gwarzo, ko dai in ce mai keken ɗinki, don ba kasafai ƙafafun wandon da na ɗinka ke zuwa daidai ba. Gidanmu yana Lakwaya. Mahaifina kuwa a Kano yake aiki, a filin da Turawa ke buga golf, wasan nan da rediyo ke kira ƙwallon lambu. Cin rani ya kai shi yana saurayi, ya fara da ɗaukar musu jakar sanduna, a hankali hannunsa ya faɗa, har ya zama shi ne mai koya wa sababbin zuwa yadda ake tsayuwa da yadda ake riƙe sanda.

Bai taɓa yarda ya kwashe mu zuwa birni ba. Ranar Alhamis yakan hau motar gyaɗa da ta sauke kaya, ya iso gida da burodi a hammata, yara su ɗare kafaɗunsa tun daga bakin zaure. Mutum ne da ban taɓa jin ya katse wa wani magana ba, ko da yaro ne ke zuba shirme. Tsofaffin ƙwallayen da suka gama aiki yakan kawo su gida, mahaifiyata ta zuba a akurki don kaji su riƙa yin ƙwai wuri ɗaya. Iyakar abin da muka sani game da golf ke nan. In an tambaye mu aikinsa sai mu ce aikin Turawa yake, ba wanda ke neman ƙarin bayani.

Mahaifin yarinyar manomi ne mai shanu, kakanninsa makiyaya, kuma bai cika magana ba. Manyanmu suka kai goro, aka karɓa, aka ce za a yi bincike kamar yadda aka saba. Ni ban damu ba, don na san ba mu da abin ɓoyewa. Ashe mahaifin yarinyar bai gamsu da "aikin Turawa" ba. Yana da ƙane da zai raka gyaɗarsu Kano, sai ya ce masa in ya sauke kaya ya je ya gano da idonsa.

Ƙanen nan ya je. Bai yi sallama ba, bai tambayi kowa ba, ya laɓe a bayan wata bishiya ya yi ta kallo. Abin da ya kawo gida daga baya ya zo kunnena kusan kalma da kalma, don a Kabo ba wanda bai haddace shi ba.

Ya ce ya ga mahaifina ya ajiye farin ƙwai a ƙasa, duk waɗanda ke wurin suka yi tsit, har Turawan, ba mai ko tari. Ya ɗaga ƙarfe ya doke ƙwan, ƙwan bai fashe ba, ya tashi sama ya ɓace. Suka bi shi a ƙafa har wata da'ira ta baƙin yashi mai warin mai, a tsakiyarta akwai rami da jan ƙyalle a kan sanda. Nan mahaifina ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya yana duban ƙasa, sannan ya tura ƙwan cikin ramin. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne na ƙarshe: kafin su bar wurin, mahaifina ya ja wani buhu mai igiya ya share sawunsu kaf. Haka suka yi ta yi, rami bayan rami, har rana ta yi sanyi.

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. A filin nan ba a samun ciyawa mai laushi, don haka yashi ake kwaɓawa da baƙin mai a daddale kewayen ramin. Amma ku sa kanku a matsayin mutumin Kabo na wancan lokacin. An ce ƙwai, an ce rami da jan ƙyalle, an ce mutum yana share sawunsa don kada a ɗebi ƙasarsa. Wa zai ba ɗan wannan gida 'ya? Wata mai sayar da daddawa kuma ta ƙara da cewa ta taɓa ganin irin ƙwan a akurkinmu, ba ya ƙyanƙyashewa, ba ya ruɓewa.

Aka dawo mana da goronmu a cikin ƙwaryar da muka kai shi.

Mahaifiyata ta yi dariya har da hawaye, can kuma da ta gane da gaske ake sai ranta ya ɓaci. Ni kuwa na shiga ɗaki na ce na daina cin abinci, ko da yake fura ba ta cikin lissafin. Da mahaifina ya dawo ranar Alhamis na zayyana masa komai, na ce ya tara malaman gari su je su yi masa shaida. Ya saurare ni har na gama, kamar kullum. Sannan ya ce mutumin nan bai yi masa ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa, don haka ba shaida ake buƙata ba. Mako na gaba ya dawo da jakar sandunansa, karo na farko da ta taɓa shigowa Lakwaya.

Muka tafi Kabo a kan kekuna, ni na goya jakar. An gama cirar gyaɗa, an tara harawa a kan rumfuna, gonaki sun zama fili. Bayan doguwar gaisuwa a zaure, an tambayi gida da aiki da gajiya da dabbobi, mahaifina ya nemi izinin a ara masa gonar bayan gida. Mahaifin yarinyar ya ce bismilla.

Da farko ya miƙa wa ƙanen ƙwallon ya ce ya fasa. Ya buga shi da dutse, ƙwallon ya yi tsalle ya faɗa cikin garken tumaki, yara suka bi shi da gudu. Sai mahaifina ya haƙa ɗan rami, ya kafa kara, ya koma can nesa ya buga. Na so a ce ƙwallon ya faɗa ramin nan take mutane su riƙe baki, amma ba haka aka yi ba. Ƙasar gyaɗa ce, duk kunya-kunya, sai da ya yi ta lallaɓa shi kafin ya shiga. Wasu suka yi dariya, shi ma ya taya su.

Mahaifin yarinyar ya kalli komai yana dogare da sandarsa. Ya ce ya yarda ba tsafi ba ne, wasa ne. Sai dai shi bai san inda zai ajiye mutum mai furfura a gemu da ke ciyar da iyali da wasa ba. Na san irin wannan magana ita ce sallama. Can sai ya ƙara da tambaya ɗaya.

"To Malam, sawun fa? Me ya sa kake sharewa?"

"Akwai masu zuwa a bayana," in ji mahaifina. "In na bar sawuna, ƙwallonsu zai karkace. Yadda na tarar da wurin haka ya kamata su tarar."

Aka kawo fura da nono muka sha, aka yi sallar la'asar, aka yi ban kwana ba tare da an ambaci aure ba. Na riga na ɗaure jaka a keke, na juya ban ga mahaifina ba. Ashe ya koma gonar shi kaɗai. Ya cire karan, ya cike ramin da hannu ya daddanna da dunduniya, ya bi duk inda sandarsa ta kwashi ƙasa ya mayar. Ba don a gani ya yi ba, mutane duk sun watse. Mahaifin yarinyar ne kawai ke tsaye a bakin danga, yana jiran shanunsa da za su biyo ta gonar nan da yamma. Mai shanu ya san abin da ɗan ƙaramin rami ke yi wa ƙafar maraƙi.

Bayan 'yan kwanaki ƙanen nan da kansa ya zo Lakwaya, ya gaishe da mahaifiyata yana sunkuyar da kai, ya ce yayansa ya ce a mayar da ƙwaryar nan, an yi kuskuren dawo da ita. Yarinyar ita ce kakar jikan da ya nuna min waya jiya.

Mahaifina ya ci gaba da aikinsa har bayan Turawa sun ragu, ya koya wa namu mutanen da suka gaji filin. Da gwiwa ta hana shi doguwar tafiya ya dawo gida, ya zauna cikin jikoki. Shi da surukina suka zama aminai irin na tsofaffi, su zauna a tabarma ɗaya yini guda maganarsu ba ta cika cokali ba. Surukina bai taɓa taɓa sandar golf ba, kuma har ƙarshe wasa yake kiran abin.

Da damina mahaifina ya rasu. Jama'a ta taru fiye da yadda muka zata, har da waɗanda ya koya wa wasa suka zo daga Kano da motoci. An yi ruwa da safe, ƙasar maƙabarta ta yi laushi, kafin a gama rufe shi duk an tattake kewayen kabarin. Aka yi addu'a, mutane suka kama hanyar gida. Na waiwaya don in kama hannun surukina, wanda a lokacin da ƙyar yake tafiya, sai na gan shi ya karyo reshen sabara yana ja da baya a hankali, yana share sawun mutane.

Na ce, "Baba, bari in karɓa."

Ya ce, "A'a. Kai dai matsa, kana ƙara min aiki."

Ban zama ɗan wasa ba, ɗinkin ma daga baya na bar shi. Ban kuma iya cewa na gaji haƙurin mahaifina ba, matata za ta ƙaryata ni. Abin da na sani shi ne har yau in na tashi daga wuri sai na waiwaya na duba yadda na bar shi, kuma duk lokacin da na yi haka ina kewarsa. Allah ya jiƙansu su biyun, ya sa sun huta.