Ƙidayar Bugun Jinin Yaya da Carbin Baba

Shekaru kaɗan kafin Turawa su bar mulki, a wata kaka, yayana ya taka tushiyar dawa a gonarmu ta bayan gari. Ƙauyenmu yana kudu da Tudun Wada, ta hanyar Doguwa, tafiyar awa guda da 'yan kai a ƙafa. A lokacin na ba shekara ashirin baya, na yi aure, ina zaune gidan mahaifinmu, kuma ni nake rubuta wa mutanen ƙauyen wasiƙa da ajami. Yaya shi ne ƙarfin gidan. Ya zare tsinin karan daga tafin ƙafarsa, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da yankan dawa har la'asar.

Kwana uku ƙafar ta kumbura, kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Wanzami ya zo ya tsaga, aka sa magani. A kwana na biyar zazzaɓi ya kama shi da rawar sanyi, har gadon kara yana ƙara a ƙarƙashinsa. A rana ta shida, wadda ta dace da ranar kasuwar Tudun Wada, ina sallame sallar asuba na kama hanya, na je na ɗauko malamin asibiti na ɗakin shan magani. Ba ya barin wurin aikinsa ranar kasuwa, amma ya taɓa karatun allo a zauren Baba, don haka ya goyo ni a kekensa muka taho.

Ya wanke ciwon, ya yi wa Yaya allura, ya daɗe riƙe da wuyan hannunsa yana duban agogo. Da muka fito zaure ya durƙusa gaban Baba, ya ce dafin ciwon ya shiga jini, abin ya fi ƙarfin allurar da ke jakarsa, sai Kano. Ya ce motar kasuwa za ta tashi bayan azahar, in ta tafi kuwa sai wani mako.

Baba bai yarda ba. Yana da ƙane da aka taɓa kaiwa Kano a kwance, ya rasu can, aka binne shi ba wanda ya sani a cikin masu sallarsa. Ya faɗi wannan a hankali, ya ce ba zai jijjiga ɗansa a bayan mota tsakanin buhuna ba, alhali bai san ko tafiyar ce za ta ƙarasa shi ba.

Malamin bai yi musu ba. Ya ce akwai wani likita a Kano da yake binciken irin wannan ciwo, ya aiko wa duk malaman asibiti na karkara cewa su riƙa rubuta masa bugun jinin majinyaci lokaci bayan lokaci, da zafin jiki, da ko yana fitsari, don a gane daidai lokacin da ciwon yake juyawa. Ya roƙi Baba abu guda. A riƙa ƙirga bugun, in ya haura ɗari da talatin a minti, a kawo shi mota. Baba ya yarda. Duk ƙasarmu an san in ya ce to, magana ta zauna.

Matsalar ita ce agogo. Guda ɗaya ne, kuma malamin yana bukatarsa. Ya tsaya yana tunani, idonsa ya faɗa kan carbin Baba. Ya roƙe shi ya ja istigfari talatin da uku kamar yadda ya saba bayan salla. Baba ya ja, "Astagfirullahal azim," yana sauke kowace ƙwaya a natse, malamin yana kallon agogo. Aka yi sau biyu, duka biyun suka faɗa kan minti guda. Malamin ya yi dariya, ya ce ashe mun daɗe da agogo a gidan nan. Ya ɗora yatsuna uku a wuyan hannun Yaya, ya nuna mini inda jijiyar take harbawa. Baba ya ja, na ƙirga. Ɗari da ashirin. Na rubuta a bayan wata tsohuwar wasiƙa.

Da na raka shi bakin ƙofa, ya riƙe keke ya rage murya. Ya ce in lura da abu biyu bayan ƙirgar. In hannu da ƙafa suka yi sanyi, ko fitsari ya ɗauke, kada in yarda a ce mini sauƙi ne.

Muka shata ƙasa a gindin katanga. Duk sanda inuwa ta ja da baya taki guda, sai mu shiga mu ƙirga. Ƙirga ta biyu ɗari da ashirin da huɗu. Ta uku ɗari da ashirin da bakwai. Na ga Baba ya aika a duba ko ƙyauren zaure zai ciru, don a ɗauki mutum a kai. Yaya yana ta surutai, yana kiran sunan shanun noma, yana faɗa da wani da ba ma gani. Innarmu tana bakin ƙofa da ƙwaryar ruwa, matarsa tana bayanta ba ta iya shigowa saboda Baba.

Da walaha ta yi, na ƙirga na sami ɗari da goma sha biyu. Na rubuta, na yi hamdala a zuci. Ta gaba ɗari da biyu. A daidai nan gumi ya karyo wa Yaya, surutan suka tsaya, ya kwanta lamo. Inna ta shafa goshinsa, ta fita tana gaya wa mata zazzaɓi ya sauka. Na ji an ɗora tukunyar kunu. Maƙwabcinmu da ya zo dubiya ya ce ai dama haka zazzaɓi yake fita, ta gumi, ya tsokane ni cewa na so in ga Kano ne da kuɗin jinya.

Ni kuwa hannun da nake riƙewa ya dame ni. Da safe zafinsa har ƙona yatsu yake. Yanzu ya yi sanyi da danshi kamar gefen randa. Farcensa ya yi toka-toka. Na tambayi matarsa ta bayan labule ko ya yi fitsari, ta ce rabonsa tun jiya da magariba. Na gaya wa Baba abin da malamin ya ce. Ya saurare ni har na gama, sannan ya nuna takardar da ke cinyata.

"Da me muka yi alkawari?"

Na ce da ƙirga.

"Nawa ka rubuta?"

Na faɗa masa. Ya ce to mu gode wa Allah, mu bar yaro ya huta.

Inuwa ta sake ja. Rana ta kusa tsaka. Na san a Tudun Wada an fara ɗora buhuna. Na sa yatsu, da ƙyar na samo jijiyar, ta zama siririya kamar zaren saƙa, tana gudu tana ɓuya. Baba ya ja carbi. Casa'in da huɗu. Na riƙe alƙalami na kasa rubutawa. Yatsuna suna gaya mini abin nan gudu yake fiye da na safe, lissafi yana gaya mini ya lafa. Na fara zargin kaina, ko tsallake wasu nake yi saboda rauninsu.

Na roƙi Baba mu maimaita. A wannan karon na raba hankalina biyu, rabi ga jijiya, rabi ga bakinsa. Sai na ji. Baba ba ya kaiwa ƙarshen kalmar. "Astagfirullah" kawai yake cewa, ya haɗiye sauran, ƙwayoyin carbin suna bin juna da sauri suna ƙas-ƙas. Idonsa yana kan fuskar Yaya. Bai san ya canja ba. Tsoro ne ya shiga harshensa tun da walaha, mintinmu ya yi ta gajercewa, mu kuma muna ta rubuta sauƙi.

Ban taɓa gyara wa mahaifina karatu ba. Shi ya ɗora ni a kan allo. Ga maƙwabci zaune, ga Inna a bakin ƙofa. In na ce ya yi gaggawa a istigfari, zai ji kamar na ce ya yi ha'inci a alkawari, kuma in ransa ya ɓaci zai kafe, mota ta tafi. Na zauna ina kallon inuwar nan ta ƙofa, kamar ana jan ta da igiya. Na roƙi Allah Ya ba ni bakin magana.

Na ce, "Baba, muryarka ta gaji, ni kuma yatsuna sun mutu, ba na jin komai sosai. Ko za ka riƙe hannun, ni in ja?"

Ya dube ni kaɗan, ya miƙo carbin. Na ɗora yatsunsa inda malamin ya nuna mini. Ya daɗe yana lalube kafin ya gyaɗa kai. Na fara, "Astagfirullahal azim," ina cika kowace kalma, da irin jan da shi da kansa ya yi gaban agogo da safe. Ban taɓa jin talatin da uku sun yi tsawo haka ba. Ina gani leɓensa yana motsi da ƙirga. Ina kan ta ashirin da takwas na ga leɓen ya tsaya. Na ci gaba har na kai ƙarshe.

Bai faɗi adadi ba. Ya ce, "Haka nake ja da safe?"

Na ce haka ne, Baba.

Ya saki hannun a hankali, ya gyara wa Yaya mayafi. Ya ce ya wuce ɗari da talatin tun ban gama ba, daga nan jijiyar ta ɓace masa. Ya miƙe, ya ce a ciro ƙyaure.

Mu huɗu muka ɗauka, muna canji da wasu huɗu. Wani Bafulatani da ke zaune gefen gonarmu ya gan mu, ya bar wa matarsa shanunsa ya kama gefe guda, shi ya fi mu sanin gajeriyar hanya ta cikin fadama. Baba yana biye da mu da sandarsa, dattijo mai shekara kusan saba'in, bai yarda an jira shi ba kuma bai bari mun yi masa nisa ba. Muna hango rimin bakin kasuwa muka ji kiran azahar. Maƙwabcin nan da ya tsokane ni ya saki ƙyauren ya ruga a guje ya tare motar.

Mun same ta an gama lodi, direba yana alwala. Malamin asibiti ya fito da gudu, ya taɓa Yaya, ya dubi agogo, bai gaya mana abin da ya samu ba. Ya sa aka kwantar da shi kan buhunan gyaɗa, aka tada ƙafafunsa sama da kansa, ya ce in riƙa ɗiga masa ruwa da ɗan gishiri a baki in yana iya haɗiya. Ya rubuta takarda da boko ya ba ni, ya ce in haɗa da tawa.

Tafiyar nan ba na son tuna ta. Kowane rami sai na ji kamar ran Yaya zai fita. Muka ratsa ƙasar Kiru, muka wuce ta Bebeji, ana tsayawa ana sauke mutane da kaya, kowace tsayawa Baba sai ya sunkuya ya sa kunci kusa da hancinsa. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta cire mayafinta ta yi wa Yaya inuwa har muka isa. Mun shiga Kano ana shirin magariba.

A asibitin ba a kai shi babban ɗakin da majinyata suke jere ba. Akwai wani ƙaramin ɗaki kusa da teburin ma'aikatan jinya, gado huɗu ne kawai, inda ake ajiye waɗanda ba a son a ɗauke ido daga kansu. Aka rataya kwalbar ruwa a ƙarfe, aka yi ta neman jijiya a hannu ba a samu ba, sai da aka tsaga fata a idon sawun lafiyayyar ƙafar. Aka naɗa masa wani abu a damtse ana hura masa iska ana saurare da abin kunne. Kowane ɗan lokaci sai a zo a sake, a rubuta.

Washegari da hantsi likitan mai binciken ya zo, da tafinta. Ya karɓi takardata, ya juya ta sama da ƙasa, ya miƙo mini in karanta. Na karanta adadin ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan ɗari da goma sha biyu ya ɗaga hannu, ya ce wannan ba ya yiwuwa ga mutumin da aka kawo a haka. Na rasa yadda zan yi, Baba yana tsaye. Sai Baba da kansa ya ba da labarin carbin, bai rage komai ba. Likitan ya sa aka rubuta duka, har da lokacin da gumin ya karyo da lokacin da hannu ya yi sanyi. Ya tambaye ni sau biyu wanne ya riga, sanyin ko ɗaukewar fitsarin. Na tambaye shi ko Yaya zai tashi. Ya ce bai sani ba. Ya ce abin da suke jira fitsari ne, in ƙoda ta farka, da sauran magana.

Kwana biyu muna zaune a barandar ɗakin, muna kallon wata tasa da aka ajiye ƙarƙashin gado. An yanke wa Yaya yatsun ƙafa biyu da suka yi baƙi. Kwalba tana ƙarewa ana sa wata. Baba ba ya cin komai sai ruwa.

A rana ta uku, bayan la'asar, wani ma'aikacin jinya ya fito riƙe da tasar da hannu biyu kamar mai ɗauke da nono, ya wuce mu zuwa tebur, ya juye a kwalbar awo, ya ɗaga ta ga haske. Kaɗan ne, ja kamar ruwan kanwa. Ya juyo ya ce wa Baba, "Malam, ɗanka ya yi fitsari."

Baba ya juya gabas ya yi sujada a kan simintin. Ni na shiga ciki. Na kama hannun Yaya, na ji ɗumi ya dawo har yatsu. Ya buɗe ido, ya daɗe yana kallon rufin ɗakin da kwalbar da ke rataye, sannan ya dube ni. Da ƙyar na ji muryarsa.

"Kai, ina ka kawo ni?"

Na ce Kano. Ya lumshe ido, ya ce ƙishirwa yake ji. Na fita neman ma'aikacin jinyar in tambaya ko an yarda a ba shi ruwa.