Raken da Aka Ba Kaka

A gidanmu na Bolewa kowane jika namiji mijin Kaka ne, mu mata kuwa ƙawayenta. Haka muka taso muka tarar. Jika zai leƙa ɗakinta ya ce, "Tsohuwa, har yanzu ba ki mutu ba?" Ita kuma ta ce, "Sai na ga bayanka, mijin da ba ya cefane." A yi dariya, ta kwance bakin zani ta ɓara masa goro. Kaka ta fi kowa iya wannan wasa, kuma tana jin daɗinsa. Mace ce mai son shiga mutane, ba suna ko biki da za a yi daga nan har unguwar Hausari ba a gan ta a tsakiyar mata ba.

Sai Allah ya haɗa mu da ɗan kawuna. Ƙato ne mai gemu, ya gama makaranta ya dawo gida, ba shi da sana'ar da ta wuce riƙe waya yana neman abin da zai ba 'yan gari dariya. Da ya duba gidan kaf bai ga wanda zai taɓa ya kwana lafiya ba sai tsohuwa.

Wata rana ya sayo rake, ya durƙusa a gabanta ya ce, "Amarya, ga tsarabar miji." Kaka ba ta da haƙori ko ɗaya, kowa ya sani. Ta karɓa don kada ta kunyata mijinta, ta kai baki tana ta fama da dasashi, ruwan yana bin haɓarta, ɗankwalinta ya zame. Shi kuwa wayarsa na kanta, yana ɗaukar bidiyon da zai watsa wa 'yan gari. Ita a zatonta wasan daga ita sai jikanta ne.

Kafin mako ya zagayo rabin Potiskum ta kalli bakin kakata. Ranar da muka tafi wani suna, yara suka biyo mu suna waƙar "Kaka sha rake." A majalisar bakin titi, manyan banza masu furfura suna miƙa wa juna waya suna ƙyaƙyatawa. Kaka ta tsaya, ta ce mini, "Ƙawata, mu koma." Daga ranar ta daina fita. In za ta ci tuwo ma sai ta juya wa ƙofa baya.

Na samu kawuna da maganar raina a ɓace. Ko tashi daga kishingiɗe bai yi ba.

"Ke dai kin cika fitina. Wasan jika ne fa, al'ada ce."

Al'ada! Kakanmu namiji ya rayu har ya rasu bakinsa wayam, ban ga wanda ya kai masa rake ba. Shi dattijo ne, ana cire takalmi kafin a gaishe shi. Matar da ta haifi mazan gidan nan duka, ta goya su, ta goya 'ya'yansu, ita ce tsohuwa, abin nishaɗi. Har yau in na tuna fuskar kawuna a ranar sai in ji tsaki ya kufce mini.

Ranar Sallah jarumin namu ya shigo cikin sabuwar shadda, waya a hannu, yana neman kashi na biyu.

"Ina amaryata? Fito ki karɓi barka da Sallah!"

Kaka ta fito lulluɓe da mayafi. Ta shimfiɗa masa tabarmar baƙi, ta kawo ruwa a kwano mai murfi, ta koma gefe ta zauna.

"Sannu da zuwa, Malam. An yi Sallah lafiya? Ya mutanen gida?"

Ya yi dariya, ya ce, "Kaka, ni ne fa."

"Na gani, Malam. Allah ya maimaita mana."

Ya tsokane ta ta nan, ya tsokane ta ta can, ba ta rama wasan ba. Wani ƙanensa ya wuce, ta ɗaga murya ta ce, "Kai mijin banza, ina naman Sallata?" Sannan ta juyo gare shi da ladabinta ta ce, "A sha ruwa mana, Malam." Haka ta riƙa karɓarsa har ƙarshen rayuwarta. Ya ba da haƙuri, ta ce ai ba komai, Malam.

Da ta rasu, bayan sadakar bakwai, mu jikoki muka shirya wasan da ake yi in kaka ta tafi da tsufanta: a ɗaura zaninta, a ɗauki sandarta, a kwaikwayi tafiyarta, a sa masu kuka dariya. Ɗan kawun nawa ya shigo tsakar gida zai ɗauki sandar. Gwaggonmu, babbar 'yar Kaka, ta dafe ta.

"Inna ta bar saƙo," in ji ta. "Ta ce jikokinta su yi wasansu son ransu. Malam kuwa a shimfiɗa masa tabarma a waje, wajen baƙi."