Bireka Mai Faɗuwa Safe da Yamma

Har gobe ba zan manta da ranar da Alhaji Ummaru mai albasa ya aiko a kira ni, ana gobe sunan jikansa ba. Tunda kun ce yau kowane babba a cikinmu ya ba sababbin shiga labari ɗaya daga bakin aiki, wannan zan ba ku. Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Sahabi. A Sakkwato na yi koyon aikin lantarki, na ci jarrabawar sana'a, na yi 'yan shekaru a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, sannan na buɗe shagona a nan Illela kusa da tasha.

Tsakiyar damina ce, ruwa ya yi kwanaki yana sauka. Alhaji Ummaru ɗan kasuwa ne, albasa da wake yake tsallaka iyaka da su zuwa Ƙonni. Matar ɗansa ta haihu, gida ya cika da baƙi daga nan da ƙetare. Na isa da hantsi, na tarar da shi a zaure riƙe da sandarsa, ransa a ɓace.

Bayan mun gaisa ya ce, "Sahabi, wanga abu naku ya ishe ni. Kullum sai ya hwaɗi, in tada shi da sanda. Yau kuwa ko tsayawa ya ƙi yi."

Na ce, "Ranka shi daɗe, da sanda?"

Ya ce, "To da mi zan taɓa shi? Ni ban gaji da duniya ba."

Abin da yake nufi shi ne bireka. Ga wanda ba ɗan sana'a ba, a kowane gida da aka yi wa waya yadda ya kamata akwai akwati a bango inda wuta ke shigowa ta rarrabu. A cikinsa akwai ƙananan makunnai, kowanne da layin da yake tsaro: wannan na ƙwayaye da fankoki, wancan na soket. Su ne bireka. Idan kaya sun yi wa layi yawa, ko waya ta taɓa waya, sai makunnin ya faɗi da kansa ya yanke wuta. Akwai kuma wani iri mai ɗan maɓalli na gwaji a jikinsa, wanda ke faɗuwa idan wuta ta sami hanyar zurarewa ta ƙasa, ko ta ruwa, ko ta jikin mutum. Irin wannan ne ke tsaron soket ɗin gidan Alhaji.

Muna cikin magana sai uwargidansa, Hajiya Asma'u, ta yi gyaran murya daga bayan labule. Ta ce, "Malam Sahabi, ka taimaka. Firiza cike take da kajin suna da zoɓo, ga ƙanƙara ta hwara narkewa. In naman ga ya lalace, da wane ido zan dubi mutane gobe?"

Ƙa'idar aiki ita ce ka fara sanin girman matsala kafin ka kwance komai. Na ga ƙwan zaure yana ci, fanka tana juyawa, ke nan wuta tana shigowa gida lafiya. Na sa testa, abin gwada wuta, a soket ɗin zaure, babu. Na falo, babu. Na inda firiza take, babu. Duk layi ɗaya ne. Na je akwati na tarar birekar layin a ƙasa. Na ɗaga ta, kafin in janye hannu ta ce ƙas, ta koma.

Sai na roƙi Hajiya ta aika ko'ina cikin gida, duk abin da ke jikin soket a zare shi, har cajar waya. Da aka ce an gama, na sake ɗagawa. Ta tsaya daram. Wannan ya nuna mini wayoyin cikin bango ba su da laifi, wani abu ne da ake sakawa. Na fara mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, ina sauraro. Firiza ta tashi da gurnaninta, Hajiya ta yi hamdala. Talabijin, dutsen guga, injin niƙa na kicin, duk na saka, bireka ko gezau.

A nan ne aiki ya fara ba ni haushi, domin babu abin da ya kai ciwon da ke ɓuya in likita ya zo. Na yi zargin ruwan sama ya shiga soket ɗin da ke waje ta gefen rijiya. Na kashe babban makunni na buɗe soket ɗin, a bushe yake, sai saƙar gizo.

Alhaji ya ce, "Ka gani ko? Birekar ce ta tsuhwa. Cire ta ka haɗa waya da waya, a wuce suna tukuna, in ya so daga baya ka sa sabuwa."

Na ce, "Bari mu tambaye ta tukuna, ranka shi daɗe."

Ga yadda ake gwada ta, ku riƙe. Wuta a kashe, na duba ƙusoshinta ko akwai wanda ya saki, na duba ko akwai baƙin ƙuna ko warin roba. Babu. Na mayar da wuta, na sa mitar hannu a inda wuta ke shiga jikinta da inda take fita, duk biyun daidai. Na danna maɓallin gwaji, ta faɗi nan take kamar yadda ake so. Na ɗaga ta, ta tsaya, hannunta ba ya rawa. Na ce wa Alhaji lafiyarta ƙalau, kuma ba zan haɗa waya da waya ba, domin wani abu take gani wanda mu ba mu gani ba. Bai ji daɗi ba, amma mutum ne mai haƙuri. Ya ce, "To gano shi, ni dai ina da baƙi."

Na zauna a kan tabarma na koma tambaya. Na ce, "Wane lokaci take hwaɗuwa?"

Hajiya ta amsa daga bayan labule, "Bayan asuba, da kuma bayan la'asar."

Alhaji ya ce, "Wallahi haka ne. Abin har lokacin salla ya sani."

Na yi ta juya maganar a raina. Me ake yi safe da yamma a gidan da aka yi haihuwa? Ni ma ina da iyali, na kuma sha faskaren itace saboda wankan jego. Da Alhaji ya fita tarbar wasu baƙi, sai na matsa kusa da labule na rage murya.

"Hajiya, da mi ake dahwa ruwan mai jego?"

"Da itace mana."

Can ta ce, "Tsaya. Itacen nan ai ruwa ya jiƙa shi. Ni kam hidima ta ɗauke mini hankali, amma ban ga hayaƙi a sashen nan ba kwanakin ga."

Ta shiga ta sanar, mata suka yafa mayafi, aka ba ni izini. Na yi sallama na bi ta har sashen mai jego. Wadda ke kula da wankan wata dattijuwa ce, Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifin mai jegon, ta zo daga Ƙonni tun ranar haihuwa. Na durƙusa na gaishe ta. Idona ya kai kan soket ɗin da ke bakin banɗaki, sai ga guntun tsinken tsintsiya a soke a ramin sama. Kun san dabarar: kayan ƙetare filoginsu ƙafa biyu ne zagayayyu, namu rami uku, sai an tura tsinke ƙofar ta buɗe.

Na ce, "Gwaggo, akwai abin da kike sakawa a nan?"

Ta dubi Hajiya, ta dubi ƙasa. Sannan ta ɗaga murfin kwallarta ta fito da hita, irin mai murɗaɗɗen ƙarfe da ake tsomawa a bokiti, naɗe a cikin ɗankwali.

Ta ce, "Ɗana, itace ya jiƙe, ni kuwa baƙuwa ce. In zo gidan surukai in hwara cewa a sayo kaza a sayo kaza? Sai na ce bari in yi da ɗan abina."

"To in kin saka shi, mi ke hwaruwa?"

"Ruwa shi ɗan yi ɗumi, sai kuran, wutar nan taku, shi tahi. In ce oho, wutar Najeriya ke nan, dama an ba mu labarinta. Sai in ƙarasa da gawayi bayan ɗaki."

Hajiya ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Mai jego ma ina jin tata daga cikin ɗaki. Ni na danne tawa, na karɓi hitar na duba. Ƙarfen ya tsage ta wajen lanƙwasa. Da farko sai ya yi zafi tsagar ke buɗewa ruwa ya shiga, shi ya sa take ɗan jimawa. A ranar kuwa tsagar ta gama buɗewa, kuma Gwaggo ta bar hitar a bokiti tana jiran a dawo da wuta, shi ya sa bireka ta ƙi tsayawa sai da aka ce a zare komai. Na sa mita tsakanin ƙafar filogi da jikin ƙarfen, ta nuna a haɗe suke. Wato wuta tana shiga cikin ruwan kai tsaye.

Na ce, "Gwaggo, kin taɓa sa hannu a ruwan tana ciki?"

Ta ce, "Awo, jiya. Na sa yatsa in ji ko ya yi zahi, sai wani abu ya hizge ni har gwiwar hannu, nan take kuran ya tahi. Na ce sanyin ƙashina ne ya motsa."

Dariyar Hajiya ta tsaya. Na gaya musu gaskiya, cewa da babu abin nan da ke faɗuwa a zaure, da ba suna za a taru yi gobe ba. Hajiya ta yi salati. Gwaggo ta zauna a bakin ƙofa tana duban yatsanta, tana ta maimaita alhamdu lillahi. Da izininta na sa filaya na datse wayar hitar a gabanta, don kada wani ya tsinta ya saka.

Ina haɗa kayana ta riƙo bakin jakata. "Ɗana, ka ruha mini asiri wajen Alhaji. A ce ni na riƙa kashe musu wuta? Ina zan sa kaina?"

Ƙarya ba ta cikin aikina, tona asiri ma haka. Na koma zaure na ce, "Ranka shi daɗe, an gano. Wani abin dahwa ruwa ne ya lalace a cikin gida, yana zuba wuta cikin bokiti. An raba shi da aiki."

Ya ce, "Na wa?"

Hajiya ta karɓe daga bayan labule, "Na cikin gida ne, Alhaji. Kai dai a kawo busasshen itace, na gida ya jiƙe."

Alhaji ya shafa gemu. Mutumin da ya shekara da shekaru yana ciniki a bakin iyaka ba sai an ƙarasa masa zance ba. Na ga murmushi yana neman ƙwace masa, ya mayar da shi tari. Bai sake tambaya ba. Kafin azahar amalanke ya tsaya a ƙofar gida da itace busasshe, har da tukunyar gas sabuwa, ya ce a kai sashen baƙi.

Washegari na je suna na ci kaza. Ina shirin tafiya aka ce Gwaggo Rabi tana kirana. Na ɗauka wani abu ne ya sake lalacewa. Ashe so take in samo mata irin birekar nan ta tafi da ita Ƙonni, a sa mata a gidanta. Ta ce, "Mai hwaɗuwar nan nike so, kada ka ba ni mai taurin kai." Na samo mata, na kuma haɗa ta da wani abokin sana'a a can ya saka.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne wannan. In bireka ta faɗi, kada ku fara da zarginta, kuma ko wane ne ya matsa muku, ko ana gobe biki, kada ku haɗa waya da waya. Ku gwada ta yadda na faɗa. In ta ci gwaji, ku ajiye mita ku tambayi mutanen gida yadda suke rayuwa, wa ke tashi da asuba, me ake dafawa, wa ya zo baƙunci. Sau da yawa a nan amsar take. In kuma kun gano ta, ku tuna gidan mutane aka shigar da ku, har inda ba kowane namiji ke shiga ba. Ku gyara wutar, ku fito ku bar kowa da mutuncinsa.