Littattafan Sharu Masu Koriyar Riga

Sharu maɗinkin buhunan riɗi ne a kasuwar Gadarif, kuma shekara talatin muna maƙwabtaka. Abin da yake karantawa littattafan yara ne na Larabci: labarin dodo mai ciwon haƙori, da na gawar da ta fita yawo ta mance kabarinta. Don kada man riɗi ya ɓata su, sai ya ɗinka musu riga da koren yadi.

A shekarun da kowa ya tsayar da gemu, koren littafi a hannun dattijo fassararsa ɗaya ce: littafin addini. Idan dariya ta kama shi, yakan rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na rawa. Masu wucewa su ce tsoron Allah ne ya sa Malam kuka. Na faɗi gaskiya har na gaji, aka ce hassada ce.

Da ya rasu, matarsa Jannatu, wadda ba ta iya karatu ba, ta yi alwala ta kai littattafan masallaci sadaka. Liman ya karɓa. Jiya bayan La'asar na gan shi jikin ginshiƙi, fuska cikin rawani, kafaɗu na rawa.